Kurakuran da ake yi wajen koya wa yaran kemis bayanin magani

A yawancin kemis-kemis ɗin unguwanninmu, wanda yake miƙa wa mutum magani ba shi ne mai lasisin shagon ba. Oga ya tafi sari, ko yana asibitin da yake aiki da safe, wanda ke bayan kanta kuwa yaro ne ko yarinya da suka gama sakandare aka kawo su koyon sana'a. Ko a manyan shagunan da ke da masanin haɗa magunguna, ba kowane mai saye ne yake kaiwa gabansa ba. Ke nan duk abin da mara lafiya zai sani game da ƙwayar da zai haɗiya, daga bakin wannan yaron zai fito. Amma in ka duba horon da ake ba shi, za ka tarar an koya masa sunan magani, da inda yake a kanta, da kuɗinsa, da yadda ake karanta rubutun likita, aka tsaya nan. Abin da zai tambaya, da abin da zai faɗa, da inda zai ja birki ya kira na gaba da shi, an bar masa ya tsinta da kansa. Daga nan sauran kurakuran suke tasowa.

Na farkonsu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne ba a koya wa yaro ya tambayi wanda zai sha maganin. A ƙasar Hausa wanda ya zo kemis sau da yawa ɗan aike ne: miji ya biyo ya saya wa matarsa, an aiko yaro da kuɗi a hannu da sunan magani a baki, maƙwabciya ta karɓo wa maƙwabciya. Magidanci ya ce a ba shi maganin ciwon jiki, yaro ya ɗauko diclofenac ya miƙa, alhali mai shan mace ce da cikin wata 8, ko tsoho mai gyambon ciki, ko mai ciwon ƙoda. Duk waɗannan ukun maganin yana iya yi musu illa babba. Gyaran ba shi da wuya. Kafin hannunsa ya kai kanta, yaro ya saba da cewa, "Alhaji, kai za ka sha ko aike ne?" In aike ne, sai ya bi da sauran: babba ne ko yaro, shekarunsa nawa, tana da juna biyu ko tana shayarwa, yana shan wani magani yanzu, ya taɓa shan wani ya fesa masa ƙuraje. Tambayoyin nan ba sa cin minti ɗaya. In kuma ɗan aiken ƙaramin yaro ne da ba zai riƙe bayani ba, a rubuta masa, ko a karɓi lambar wanda ya aiko shi a kira.

Tambayar "yana shan wani magani?" tana da muhimmanci fiye da yadda masu koyarwa suke ɗauka, saboda farasitamol. Yaro ya haddace Panadol a matsayin maganin zazzaɓi, Procold da Mixagrip a matsayin na mura, Ibucap a matsayin na ciwon jiki, bai san dukkansu suna ɗauke da farasitamol ba. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, kuma wuce hakan hanta yake taɓawa. Haka Alabukun, asfirin ne a cikinsa, don haka haɗa shi da ibuprofen ƙara wa ciki wahala ne. Mai koyarwa ya daina nuna wa yaro babban sunan da ke gaban kwali kaɗai. Ya juya kwalin ya nuna masa ƙananan rubutun da ke faɗin abin da ke ciki, har ya zama idonsa can yake fara zuwa. Wannan ne kuma zai nuna masa haɗarin abin da ake kira haɗi, inda ake ɓare ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a zuba a leda ɗaya ba suna ba kwanan wata. Wanda ya sha haɗi ya sami matsala, ko likitan asibiti ba zai san abin da ya sha ba.

Sai batun lokacin sha. Ana koya wa yaro ya ja layi uku a jikin leda ya ce "safe, rana, dare", shi ke nan. Mai saye ya je gida ya sha ƙarfe 9 na safe, ya sha 12, ya sha bayan Magariba, sai a sami tazarar awa 3 a wani wuri da awa 14 a wani. Ga maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amoxicillin, sau uku yana nufin kusan kowace awa 8. Muna da agogon da kowa ya sani, mai karatu da wanda bai yi ba, wato lokutan salla. A koya wa yaro ya ce, "Hajiya, ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Azahar, ɗaya in za ki kwanta." Na sau biyu kuwa, Asuba da Magariba sun yi kusa da awa 12. Da azumi kuma kada yaro ya yanke wa kowa hukunci da kansa. Maganin sau uku ba a matse shi tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma mai ciwon suga da ke shan glibenclamide sukarinsa na iya faɗuwa da rana. Irin wannan a tura shi wurin masanin magani ko likitansa, gara ma tun kafin watan ya kama.

Maganin zazzaɓin cizon sauro ya cancanci darasi nasa shi kaɗai, domin shi aka fi saye da damina kuma shi aka fi yi wa shan ganganci. Tun 2005 Najeriya ta bar chloroquine ta koma kan magungunan haɗin artemisinin, kuma wanda ya fi yawo a kemis shi ne artemether da lumefantrine, irin su Coartem da Lonart. Sha 6 ne a kwana 3. Na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, sauran kuma safe da yamma. Ana shan sa da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukar sa yadda ya kamata. Ƙosai ko kunun gyaɗa sun wadatar, jariri kuma nono. Wanda ya yi amai cikin rabin awa da sha, ya sake. Akwai mai ƙarfin 20/120 da babba yake shan ƙwaya 4 a lokaci guda, akwai mai 80/480 da ake shan ƙwaya 1, kuma yaron da bai bambance su ba zai sa mutum ya sha rubu'in magani ko ninki huɗu. Na yara da nauyi ake auna shi, shi ya sa sikeli a shago ba ƙawa ba ce. Sannan a nanata wa mai saye cewa sauƙin da zai ji a rana ta biyu ba warkewa ba ce, ya shanye duka. Kafin duk wannan ma, a koya wa yaro cewa ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba; gwajin ɗan yatsa na minti 15 zuwa 20 ya fi zato.

Na ruwa da ake ba yara ma ana sakaci da shi. "Cokali ɗaya" ba awo ba ne, domin cokalin gidan wani ya ninka na wani. Abin da ake nufi mililita 5 ne, don haka yaro ya buɗe kwali ya fito da murfin awo ko sirinji ya nuna wa uwa layin da idonta. In garin magani ne da ake haɗawa da ruwa, ya nuna mata alamar da ke jikin kwalba, ya ce ruwan da aka tafasa ya huce za ta zuba, ta girgiza kafin kowane sha, kuma bayan kwanakin da aka rubuta, yawanci 7, ragowar zubarwa ake yi, ba a ajiye wa ƙaninsa. Ga mai gudawa, a duba fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa, a faɗa mata yawan ruwan da aka rubuta, a gaya mata wanda ya kwana ya wuce awa 24 ba a ba yaro, sannan zinc ana ci gaba da shi kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya.

Akwai masu shago da suke hana yaransu faɗin illar magani, wai kada a tsorata mai saye ya fasa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Wanda ba a gaya masa ba shi ne yake tsorata ya watsar da magani. Mai ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini ta ga bayan gidanta ya yi baƙi, sai ta daina sha, alhali kalma ɗaya ta isa ta kwantar mata da hankali. Mai shan maganin tarin fuka ya ga fitsarinsa ya yi ja saboda rifampicin, sai ya zaci jini ne. Piriton yana sa barci, kuma mai Adaidaita Sahu ko direban doguwar hanya yana da haƙƙin ya san haka kafin ya kama sitiyari. Dattijo mai hawan jini da ke shan lisinopril ya zo da busasshen tari, yaron da bai sani ba sai ya yi ta sayar masa da maganin tari wata da watanni, alhali maganin hawan jinin ne yake jawo shi kuma likita zai iya canza masa. Ba a ce yaro ya karanto duk abin da ke takardar cikin kwali ba. Abu biyu ake so: wanda zai iya faruwa ba komai, da wanda in ya faru a tsaya a tafi asibiti, kamar ƙuraje da ɗayewar baki bayan shan Septrin ko Fansidar, ko kumburin fuska da sarƙewar numfashi.

Bayan an gama bayani, kusan kowane yaro "kin gane ko?" yake cewa, kowa kuma "na gane" yake amsawa, saboda kunya da sauri. A sauya tambayar. "Inna, don in tabbatar ban yi miki kuskure ba, in kin je gida yaya za ki ba shi?" Da haka laifin rashin fahimta ya koma kan mai bayani, ita kuma ba ta muzanta ba, kuma nan take ake jin inda aka sami giɓi.

Kunyar nan tana da wani gefen. Matar da ta zo neman maganin ciwon sanyi ko na tazarar haihuwa ba za ta buɗe baki ba muddin maza uku na jingine da kanta suna hira. Yaro ya iya rage murya, ya iya jan mutum gefe, ya iya cewa abokansa su koma waje. Kuma a gaya masa tun ranar farko, da kakkausar murya, cewa abin da ya ji a shago ba ya zuwa majalisa. Wanda ya fitar da sirrin mara lafiya sau ɗaya, ni a ganina bai dace da wannan aiki ba.

Kuskure mafi haɗari shi ne rashin shata wa yaro iyaka. Mutanen unguwa suna kiran sa likita, tun yana jin nauyi har ya saba, sai ya fara rubuta magani yana yin allura, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Hukumar PCN mai kula da harkar haɗa magunguna da sayar da su a Najeriya, wadda dokar 2022 ta ƙara wa ƙarfin sa ido a kan shagunan magani, ba ta ba mai ƙaramin kemis damar sayar da komai ba sai abin da ke jerin da ta amince da shi, kuma allura ba ta ciki. Abin da doka ta hana oga, yaronsa bai isa ya yi ba. Maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana a 2018, da tramadol, da ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke nema, a koya masa yadda zai ce a'a cikin ladabi ba tare da ya tsaya ciniki ba. Haka kuma ya haddace alamomin da ba a sayar musu da magani sai dai a ce a wuce asibiti yanzu: yaro mai jijjiga, ko wanda ya kasa kama nono, ko mai amayar da duk abin da ya sha, jaririn da bai kai wata 2 ba yana zazzaɓi, mai ciki da ciwon kai mai tsanani da kumburi da gani dishi-dishi, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi, tarin da ya haura mako 2, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. "Bari in tambayi oga" magana ce da ya kamata a yaba wa yaro in ya faɗe ta, kada a yi masa tsawa a gaban mutane har ya daina.

Yadda ake horon kansa ma yana buƙatar gyara. Taron bita na yini ɗaya da takardar shaida a bango ba ya canza abin da yaro ke faɗa a kanta. Abin da yake aiki shi ne maimaici a cikin shago. A zaɓi magunguna goma da aka fi saye, a rubuta wa kowanne ɗan kati da Hausa: na mene ne, yadda ake sha, kwana nawa, da abinci ko babu, abin da za a kula da shi. In kasuwa ta lafa da rana, oga ya zagayo gaban kanta ya zama mai saye, yau tsohuwa mai hawan jini, gobe uba mai gaggawa da kuɗinsa bai kai na cikakken magani ba. Wannan na ƙarshen a yi ta maimaita shi, domin a nan ne yaro yake yanka katin antibayotik ya ba da na kwana biyu. Abin da ya dace shi ne ya nemo na wani kamfani mai sauƙin kuɗi da ke da lambar NAFDAC, wanda zai isa kwanakin duka. Sai oga ya koma gefe ya saurari yadda yake yi da mutanen gaske, ya gyara masa bayan sun tafi.

Sannan mai shago ya dubi abin da yake sakawa a kai. In da dare tambayarsa ɗaya ce, nawa aka yi ciniki, ko kuma yana ba yaro kaso a kan yawan abin da ya sayar, to duk katunan nan ba za su hana yaron tura wa mutane maganin da ba sa buƙata ba. A ajiye ɗan littafi a kanta da za a riƙa rubuta wanda aka tura asibiti da dalilin turawar, oga ya riƙa duba shi tare da littafin ciniki, ya zauna da yaran su bi shi ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen mako.