Darasi na 9: Idan facin fenti ya fito fili a bangon ɗaki

An cire ƙusa daga bango, ko an ja gado ya kankare fenti, ko yara sun yi zane da gawayi. Sai maigida ya ɗauko ragowar fentin bara ya shafa a wurin. Da ya bushe, wurin ya fito ɓaro-ɓaro kamar sabon ƙyalle a tsohuwar riga. Yawancin mutane sai su yi ta ƙara shafawa. Kada ku yi haka. Duk shafin da aka ƙara, kauri yake ƙara wa wurin, kuma kaurin ne ido ke fara kamawa.

Ku bari fentin ya kwana tukuna, domin launin ɗanye da na busasshe ba ɗaya ba ne. Da dare ku kashe fitila, ku manna tocila ko hasken waya a jikin bango, hasken ya bi shi a kwance. In akwai tudu ko kwari, inuwa za ta tona shi. Ku bi wurin da tafin hannu kuma.

Me ke sa faci ya fito?

A Yamai, babban mai laifi ƙura ce. Bangon da ya sha hunturu biyu ko uku, ga hayaƙin turaren wuta, ga na maganin sauro, ya riga ya sauya launi ba tare da mutanen gida sun lura ba. Fentin da ke cikin gwangwani kuwa yana nan yadda aka sayo shi. Saboda haka kafin komai, ku jiƙa soso da ruwa da ɗan sabulu, ku wanke wurin da kewayensa, ku ɗauraye, ku bari ya bushe. Wani lokaci wankin nan kaɗai yake rage rabin bambancin.

Na biyu shi ne ƙishirwar bango. Inda aka cike rami da farin siminti ko ƙullin cike rami, wurin yana tsotse ruwan fenti fiye da tsohon bango. Launi ɗaya ne, amma wurin ya dushe, gefensa yana sheƙi. Da rana tsaka ba a gani sosai. Sai hasken taga ya faɗo ta gefe da la'asar, nan yake bayyana.

Akwai kuma haɗin launi. Masu fenti da yawa farin fenti suke saya a bokiti, su ɗiga masa ruwan launi, su dama da ido. Irin wannan haɗin da wuya a sake samun sa daidai, ko da mutumin da ya haɗa shi ne ya dawo. Wata uwargida ta ce wa mai fenti: "Malam, ai kai ka yi mana shi bara." Ya ce: "Hajiya, ni ne, amma bokitin bara ya ƙare." Gaskiya ya faɗa mata.

Sai kayan aiki. Bangon da aka yi da rulo, wato abin shafa fenti mai mirginawa, yana da ɗan kaushi mai laushi, buroshi kuwa layi-layi yake bari. In da rulo aka yi bangon, da ƙaramin rulo za ku gyara.

Ku tabbatar da irin fentin kafin ku je Kasuwar Katako saye. Ku ɗiga alkol na farmasi a farin tsumma, ku goga a wani lungu. In launi ya biyo tsumman, fentin ruwa ne. In bai biyo ba, fentin mai ne, kuma fentin ruwa ba ya kama shi da kyau sai an goge sheƙinsa an sa shafin ƙasa, wato fentin share fage da ake fara shafawa kafin fentin launi.

Yadda ake gyaran

Ku goge tudun da samfefa mai laushi har hannu ya daina jin gaɓa. Idan tsohon fentin mai ne, ku jiƙa wurin kafin gogewa, ku rufe hanci, ku fitar da yara, don wasu tsofaffin fentin mai suna da dalma, kuma ƙurarta guba ce. Ku share ƙurar da tsumma mai laima. A kan wurin da aka cike, ku sa shafin ƙasa, ko fentin da aka sirka da ɗan ruwa, ya kashe masa ƙishirwa.

Ku dama fentin sosai da sanda har gindin gwangwani, nan launi yake kwanciya. Ku ɗebo kaɗan. Ku fara daga tsakiyar wurin, kuna fita waje, rulo yana ƙara bushewa, kuna sassauta hannu, har sabo ya ɓace cikin tsoho. Kada ku zana masa iyaka mai kusurwa huɗu. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Fentin ruwa yana son awa 2 zuwa 4 tsakanin shafi da shafi, fentin mai kuwa sai washegari.

A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, fenti yana bushewa tun bai baje ba. Ku yi aikin da sassafe, ku kashe fanka, ku rufe tagar da iska ke shigo da ƙura.

In kun ga fentin yana kumbura daga ƙasan bango, ko farin gishiri yana fitowa, wannan aikin laima ne, ya fi yawa da damina. A nemo inda ruwa ke shiga a toshe. Sabon yaɓen siminti kuma a ba shi kwana 28 kafin fenti.

Idan facin ya wuce biyu ko uku a bango ɗaya, ko launin haɗin ido ne, shawarata ku daina wahalar da kanku. Ku yi wa bangon nan fenti gaba ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa. Haske yana sauyawa a kusurwa, don haka ba mai gane ɗan bambancin da ke tsakaninsa da sauran bangaye uku.

Ga lissafin. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3: 4 × 3 = 12, wato murabba'in mita 12. Shafi biyu: 12 × 2 = 24. In lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8, to 24 ÷ 8 = 3, wato lita 3. Ku duba jikin gwangwani, don kowane fenti da nasa adadin.

Aikin gida

Ku auna bango ɗaya a ɗakinku, ku lissafa litar da zai ci a shafi biyu. In kuna da ragowar fenti, ku rubuta a murfinsa sunan ɗakin da watan da aka yi fentin, ku rufe shi gam, ku ajiye a inuwa. Ku zo da lissafinku aji na gaba.