Yadda ake yanko samfurin farce don gano cutar soriyasis

Idan farce ya yi ƙananan ramuka kamar an caccaka shi da tsinin allura, ko ya ɗago daga nama, ko wani tabo mai kama da ɗigon mai ya bayyana a ƙarƙashinsa, likitan fata kan yi zargin soriyasis, wata cutar fata mai daɗewa da ke shafar farce ma. To amma cutar fangas, wato ƙwayoyin cuta irin masu kawo makero, ita ma tana ɓata farce kusan haka, wani lokaci ma su biyun kan haɗu a yatsa guda. Idan ido ya kasa raba gardama, sai a yi bayofsi, wato a yanko ɗan samfuri a duba shi a ɗakin gwaji.

Da farko, ka faɗa wa likita in kana da ciwon sukari ko kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Kada ka daina shan maganin sai da izininsa.

Daga nan sai a fara da hanya mafi sauƙi: a yanke bakin farcen, a kankaro dattin da ke ƙarƙashinsa a aika. Ba zafi, ba jini, kuma sau da yawa wannan kaɗai ke nuna fangas ne. A ganina bai kamata a sa wuƙa a nama ba tun ba a yi wannan ba.

In bai wadatar ba, sai batun inda za a yanka, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ramuka daga saiwar farce suke tasowa, can ƙarƙashin fatar gindinsa. Ɗagowa da ɗigon mai kuwa daga naman da farcen ke kwance a kai ne. Wanda ya yanko a inda ciwon ba ya nan, ya wahalar da marar lafiya a banza. Saiwar kuma ba ta son wasa, domin in ta yi tabo farce na iya fitowa a tsage har abada. Shi ya sa ake zaɓar gefenta na gaba, wanda ya fi kusa da bakin farce, kuma faɗin samfurin bai cika wuce milimita 3 ba.

Sai a wanke yatsan, a yi allurar lidokan, maganin kashe zafi, a gindinsa har ya daina jin komai, a ɗaure shi da roba na ɗan lokaci don tsaida jini. Da wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki likita zai murzo samfurin, ya jefa shi cikin kwalbar fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ya yi ɗinki in da buƙata, ya naɗe da bandeji.

A gida, ka riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji kwana biyun farko, zogi zai ragu sosai. Kada ruwa ya taɓa bandejin. Kumburi mai ƙaruwa, mugunya ko zazzaɓi, ka koma asibiti ba jira.

Sakamako kan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Farcen hannu kuwa, da yake kimanin milimita 3 yake yi a wata, sai ya kai wata shida kafin ya sabunta gaba ɗaya, na ƙafa kuma shekara ko fiye.