Yadda na shawo kan matsalar biyan kuɗi a Guangzhou

Kwana biyu na farko a Guangzhou, birnin kasuwanci a ƙasar China, na sha wuya. Na canza dala zuwa yuan tun a filin jirgi, amma duk shagon da na shiga a Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu na Afirka ke sauka, sai mai shago ya nuna min lambar QR a kan teburinsa, wato tambarin da ake haskawa da waya a biya kuɗi. Suna karɓar tsabar kuɗi, sai dai canji ne babu. Wata rana na bar jaka uku da na riga na yi cinikinsu saboda haka, abin ya yi min ciwo.

Wani ɗan Kano da muka haɗu a Masallacin Huaisheng bayan Azahar ne ya ce, "Alhaji, ai Alipay za ka sauke." Na sauke wannan manhaja ta biyan kuɗi da waya, na sa lambar wayata ta gida, na ɗauki hoton fasfo domin tantancewa. Katina na naira ya ƙi shiga, sai na haɗa katin dala na Visa, nan take ya karɓa. Abin lura: cinikin da bai wuce yuan 200 ba babu caji, wanda ya haura kuwa ana cire kashi 3 cikin ɗari. Shi ya sa manyan kaya nake biyansu da tsaba, ƙanana da waya.

Da Alipay ɗin na riƙa biyan kuɗin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Daren ƙarshe na hau layi na 3 zuwa hasumiyar Canton, na tsaya bakin kogin Pearl ina kallon fitilu har ƙarfe goma.