Keychain Bai San Sunan Manhajarka Ba, Sa Hannunta Ya Sani

Duk mai gina manhajar macOS ya san wannan ciwon kai: ka danna "Always Allow", ka gyara layi ɗaya, ka sake harhaɗa manhajar, sai akwatin neman kalmar sirri ya sake fitowa kamar bai taɓa ganinka ba. Wasu nan take su ɗora wa Keychain, ma'ajiyar kalmomin sirri ta macOS, laifi. Ba shi da laifi.

Abin da ke faruwa shi ne, Keychain yana gane manhaja ne da sa hannun dijital da ke kanta. Idan sa hannun na wucin gadi ne, irin wanda `codesign -s -` ke yi, to shaidar manhajar ita ce lissafin abin da ke cikin fayil ɗin kansa. Da ka canza harafi ɗaya, lissafin ya canza, manhajar ta koma baƙuwa. A kwamfutocin Apple Silicon ma ana liƙa irin wannan sa hannu kai tsaye lokacin harhaɗawa, shi ya sa da yawa ba su ma san da shi ba. Maganin: ka riƙa sa hannu da takardar shaida tsayayya, ko ta Apple Development, ko wadda ka ƙirƙira da kanka a Keychain Access, kuma kar ka riƙa sauya lambar shaidar manhajar (bundle identifier). Umarnin `codesign -d -r-` zai nuna maka da me ake gane ta.

Sai masu ƙaura zuwa sabuwar kwamfuta da fayil ɗin .cer kawai, wato takardar shaidar ita kaɗai. Takarda ba mabuɗin sirrinta, kwarya ce ba nono. Fitar da su tare a fayil ɗin .p12, sannan ka duba da `security find-identity -v -p codesigning`.

Idan kuskuren errSecInternalComponent ya fito maka ta SSH (shiga kwamfuta daga nesa) ko a na'urar harhaɗawa ta atomatik, galibi Keychain ɗin a kulle yake, ko yana jiran wani ya danna amincewa alhali babu kowa a gaban allo. Buɗe shi da `security unlock-keychain`, sannan ka ba kayan aikin Apple izini da `security set-key-partition-list`.

Kuskuren -34018 daban ne: izinin shiga rukunin Keychain ne babu a cikin sa hannun, sake shigar da kalmar sirri ba zai yi komai ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne `--deep`, zaɓin `codesign` mai sa hannu a manhaja da abubuwan cikinta lokaci guda. Yana da sauƙi, amma izini iri ɗaya yake shafa wa komai. Fara sa hannu daga abubuwan ciki, ka ƙare da manhajar kanta, kuma kar ka sake taɓa ko hoto ɗaya bayan haka, don hatimin zai karye. In za ka raba wa jama'a kuwa, takardar shaidar Developer ID kaɗai ba ta isa ba tun zuwan macOS Catalina a 2019: sai ka tura wa Apple ta tantance da `notarytool`, tare da `--options runtime` da `--timestamp` a sa hannun.