Kurakuran masu yi wa bargon mutane ɗinkin ado

A nan Amurka aikin bargon haɗe-haɗe hannu biyu ne ke yin sa. Wata za ta kwashe wata shida tana yanka ƙyallaye tana harhaɗawa har fuskar bargo ta fito, sannan ta naɗe ta kawo wa irinmu masu keken ɗinki mai dogon hannu, irin na kamfanonin Gammill da Handi Quilter. Mu ne za mu ɗaura shafi a jikin keke, mu shimfiɗa auduga, mu ɗora fuskar, mu bi da ɗinkin ado ya kama ukun. Shekarata 9 a wannan sana'a, kuma duk wadda ta zo koyo wurina sai ta faɗa ramin da na faɗa. Bakina ya gaji.

Babban laifin shi ne rashin leƙa ƙasa. Kina tsaye kina kallon furanni na fitowa tsaf a sama, ranki fes, alhali a ƙarƙashi zare ya cukurkuɗe. In zaren sama ya yi sako-sako, a bayan bargo yake zuba madaukai, inda idonki ba ya kai.

A shekarata ta biyu wata dattijuwa ta kawo mini bargon da ta haɗa da rigunan mijinta da ya rasu. Ina tsakiyar aiki na canza kwarkwaro, ban lura zaren sama ya zame daga faifan da ke matse shi ba. Layi huɗu na yi, daga wannan gefe zuwa wancan, kafin hannuna ya taɓa ƙasan. Ɗinki 12 ne a kowane inci, ki lissafa da kanki. Kwana uku ina farke ɗinkin, a rana ta uku gajiya ta sa reza ta tsaga ƙyallen wata tsohuwar riga mai ruwan bula. A wace kasuwa zan samo irinta? Da na nuna mata sai ta shafa wurin, ta ce ba komai. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ko sisi ban karɓa ba.

Tun daga ranar nake maƙala ƙyallen gwaji a gefen shafi. Duk sabon kwarkwaro sai na yi 'yan kewaye a kansa, na haska tocila a ƙasa, na ja farce a kan ɗinkin. In farce ya maƙale, ba inda za ni. Abokan sana'a na cewa na cika tsanani, gwaji ɗaya da safe ya isa. Su dai.

Na biyu, karɓar aiki ba awo. Mai kaya ta ce bargonta faɗin inci 90 ne, tsawo inci 100, ke kuma kin amsa da to. Haba! Ki shimfiɗa shi tun tana tsaye, ki auna sama da tsakiya da ƙasa. Sau da yawa bakin ya fi tsakiyar tsawo da inci 2 ko 3, don yawanci ba sa awon yadin gefe, ɗorawa kawai suke su yanke abin da ya ragu. Wannan rarar ba ta ɓacewa. Za ta taru a gaban allura ta zama ninki, kuma ranar karɓa ba za a ce gefen ne ya yi tsawo ba, ke za a ce kin ɓata. In rarar kaɗan ce, tururin dutsen guga da ɗinki mai yawan kewaye na shanye ta. In ta wuce haka, ni mayarwa nake a gyara. Ban ƙara ɗaukar kunya a kan wannan ba.

Shafi ya fi fuska da aƙalla inci 4 ta kowane gefe, in ba haka ba ƙarafan keke masu riƙe gefen shafi ba su da abin kamawa. Sabon bargo, sabuwar allura. Alƙalamin zane mai shuɗi da ruwa ke gogewa, kada guga ta hau shi, zafi na iya zaunar da shi. Takardar auduga tana faɗin iyakar tazarar da za a bari tsakanin ɗinki, ki karanta kafin ki jefar.

Sai masu son a san sun iya. Mai kaya ta sha wahalar daidaita taurarin da ta haɗa da ƙyallaye, ke kin zo da baƙin zare kin cika ko'ina da zanen fuka-fukai har ba a ganin aikinta, bargo kuma ya sandare kamar tabarma. Ni zare uku nake warwarewa a kan fuskar, na matsa baya, wanda ya fi ɓuya shi nake nuna mata. In ta ce mai haske take so, sai ta rubuta a takardar karɓar aiki ta sa hannu, tare da awon da muka yi da kuɗin da muka yanke.