Yadda Ake Kafa Tsarin Gwajin Jama'a Bisa Hujjar Bincike: Misalin Gubar Dalma a Zamfara

Kafin kwamiti ya ba gwamnati shawarar a riƙa gwada mutanen da ba su kawo kukan ciwo ba, ya fara amsa wannan: idan an gano cutar, akwai magani a hannu? Yana cikin sharuɗɗa goma da Wilson da Jungner suka tsara wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1968.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a tsakar gida. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ga cewa ba yaro maganin fitar da dalma ba ya wadatarwa idan zai koma rarrafe a ƙasar da ta gurɓata. Shi ya sa a ƙauyen Bagega sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a 2013 kafin a soma magani. Don haka kasafin gwaji dole ya haɗa da kuɗin share gari da na magani.

Sai a tantance wa za a gwada. Yi lissafi a takarda. A ce gwaji yana kuskuren nuna cuta ga 5 cikin 100 na masu lafiya, cutar kuma tana kama yaro 1 cikin 1,000. Cikin yara 10,000 masu cutar 10 ne kacal, amma kusan 500 za a tayar wa iyayensu hankali a banza. Wannan ne dalilin fara gwaji da 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙauyukan haƙar ma'adinai, inda cutar ta fi yawa, ba jihar baki ɗaya ba.

A rubuta iyakoki ƙarara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce daga mikirogiram 5 a desilitar jini a nemo inda dalmar ke shiga jikin yaro. Daga 45 ake maganar ba da DMSA, maganin fitar da dalma.

Kurakuran da ake yi wajen ɗibar jini da aunawa ma su shiga tsarin, domin nan aiki ke lalacewa. Ƙurar da ke kan yatsa tana ɗaga sakamako, don haka a wanke hannun yaro da sabulu kafin a huda, a kuma tabbatar da sakamakon da jinin jijiya. Na'urar auna dalma a jini ta LeadCare II ba ta karanta sama da 65, sai an tsarma jinin an sake aunawa.

Daga nan a gwada tsarin a ƙaramar hukuma ɗaya. A ƙirga waɗanda aka gwada, waɗanda aka tabbatar, da waɗanda suka kammala magani. Wannan adadi na ƙarshe kwamishinan lafiya zai sa a gaba cikin takardar da zai kai Majalisar Lafiya ta Ƙasa, haɗe da kuɗin da kowane yaro ya ci.