Kafin Layin Asibiti Ya Zo Kan Ɗanku a Ingila

Yaro ya shekara uku bai haɗa kalma biyu ba, ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ƙarar injin shara ta sa ya toshe kunnuwa yana ihu. A gida cewa za a yi nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi. A nan Ingila likitan unguwa, wato GP, ko ma'aikaciyar lafiya mai bibiyar ƙananan yara za ta tura shi a duba ko otizim ne, lalurar da wasu ke kira galahanga. Daga nan sai jira. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta ce a fara bincike cikin wata 3, amma a garuruwa da dama shekara takan zagayo, wani lokaci har biyu, ba a kira ku ba.

Inda muka fi yin asara shi ne naɗe hannu har takarda ta fito. Dokar yara da iyalai ta 2014 ta ɗora taimakon makaranta a kan buƙatar yaro, ko an gano sunan lalurar ko ba a gano ba. Kowace makarantar gwamnati tana da malami mai kula da irin waɗannan yara, ana ce masa SENCO. Ku nemi zama da shi, a rubuta abin da za a yi wa yaron da ranar sake dubawa. Mu da aka raina da jin nauyin malami, wannan kan yi mana wuya, sai mu yi ta "to, to" mu tashi. Ku daure. Maganar baki a nan iska ce, ku bi ta da imel.

Idan abin ya fi ƙarfin makaranta, ku da kanku za ku iya rubuta wa ƙaramar hukumarku ku nemi a tantance yaron don shirin EHCP, wato rubutaccen tsarin taimakon ilimi, lafiya da kulawa da doka ta wajabta a cika wa yaro. Doka ta ba su mako 6 su ce za su yi ko a'a, mako 20 su kammala, kuma in sun ƙi akwai ɗaukaka ƙara. Ofishin SENDIASS na yankinku, mai taimaka wa iyayen yara masu buƙata ta musamman, yana ba da shawara kyauta.

Hattara da kuɗin DLA, tallafin da gwamnati ke bayarwa don yaro mai lalurar da ke buƙatar ƙarin kulawa. Ba ya buƙatar takardar likita, amma in bizarku ta hana ku cin tallafin gwamnati, ku nemi shawarar masani kafin ku cike fom. Makaranta da asibitin gwamnati na NHS ba sa cikin wannan hani.

Kada kowa ya sa ku daina yi wa yaro Hausa. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Addu'a kuma ku riƙe ta, amma in Hajiya ta bugo waya tana cewa iska ce ko sammu, ku amsa da ladabi, ku kai shi gwajin ji da wajen masu koyar da magana.

Ku riƙa rubuta barcinsa, abincin da yake ƙi, da abin da ke tayar masa da hankali, ku ɗauki gajerun bidiyo. In kun sauya gida, ku sanar da GP da asibitin a makon nan, domin wasiƙar kira kan tafi tsohon adireshi, wanda bai je ba kuma ana iya cire shi daga layi.